Na ƙi aikinsu bara, yanzu fom ɗinsu ya ƙi karɓa ta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara wani kamfani da ke Wuse 2 a Abuja ya ba ni aikin akanta. Na rubuta musu cewa ba zan iya karɓa ba, don albashin ba zai ɗauki haya da kuɗin mota daga Kubwa ba. Na yi godiya, muka rabu lafiya.

Yanzu sun sake tallata gurbin, har da alawus na sufuri, kuma wallahi ina son aikin. Na shiga shafinsu in cike fom, ina sa imel ɗina sai ya nuna an rufe fayil ɗin wannan mai nema, ya ƙi wucewa. Na tura saƙo ga jami'ar da ta yi min intabiyu, ya dawo min, da alama ta bar wurin. Na je ofishin da ƙafata, mai gadi ya karɓi takarduna ya tura cikin wani kwali a bakin ƙofa, ya ce komai ta intanet ake yi.

Abokina ya ce in buɗe sabon imel kawai. Raina bai kwanta ba, don sunana da lambar wayata suna wurinsu, kada a ɗauka ɓoye-ɓoye nake yi. Ranar Juma'a za su rufe.

Shin ya dace in rubuta kai tsaye ga manajan da ya sa hannu a takardar bara, in faɗa masa dalilin dawowata? Na gode.