Shin ƙarfi ma yana da iyaka kamar gudun haske?

Ɗalibin Fiziks:
Assalamu alaikum, malamai. Sanin kowa ne cewa a nazariyar Einstein babu abin da ya fi haske gudu, to amma na ci karo da maganar cewa ƙarfi ma yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. Abin ya ɗaure mini kai, domin a lissafin Newton, duk sanda tazara tsakanin abubuwa biyu ta ragu sai ƙarfin jan da ke tsakaninsu ya yi ta ƙaruwa babu tsayawa. Daga ina wannan iyaka ta fito?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, ɗalibi. Gary Gibbons na Jami'ar Cambridge ya kawo wannan hasashe a 2002, Christoph Schiller ma ya yi rubutu a kai. Iyakar ita ce c⁴/4G (c shi ne gudun haske, G kuma adadin nan da ba ya canzawa a dokar jan Newton), wato kimanin newton (ma'aunin ƙarfi) 3×10⁴³, alhali jan da ke tsakanin rana da duniya bai wuce newton 3.5×10²² ba. Dalilin shi ne ba a barin tazara ta yi ta raguwa yadda aka ga dama, domin duk abin da aka matse shi ƙasa da 2GM/c² (M nauyin abin ne) ya zama baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga jansa; ranarmu ma da za a dunƙule ta har daga tsakiyarta zuwa gefenta ya zama kilomita 3, ramin za ta koma. Ka ɗauki takarda ka sa wannan tazara a dokar Newton, da abubuwa biyu masu nauyi ɗaya, za ka ga M ta soke kanta, sai c⁴/4G ya rage.

Mai Nazarin Taurari:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, sai dai ina da gyara kaɗan. Wannan lissafi dabarar fahimtarwa ce kawai, tunda dokar Newton ba ta aiki a bakin baƙin rami, kuma har yanzu batun hasashe ne da ba a tabbatar ba. A 2021 masu bincike Jowsey da Visser sun kawo misalan da suka ce sun karya iyakar, kuma tushen gardamar shi ne yadda za a fayyace ƙarfi a sararin da ya lanƙwashe. Ni abin da ya fi gamsar da ni shi ne ɗan'uwan wannan adadi, c⁵/G, mai auna saurin fitar makamashi. A karon baƙaƙen ramuka biyu da LIGO, cibiyar da ke auna girgizar sararin samaniya, ta gano ranar 14 ga Satumba, 2015, makamashin da ke fita ya kai wat 3.6×10⁴⁹ a ƙololuwarsa, wanda kashi ɗaya ne kacal cikin dubu na c⁵/G.

Ɗalibin Fiziks:
Na gode, malamai. Na gwada lissafin, kuma lalle M ta ɓace, amma da na sa tazarar ramuka biyu masu taɓa juna, wato 4GM/c², sai na sami c⁴/16G.