Ta yaya zan gane wanda zai iya faɗin kuskurensa?

Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, ina neman akawu. Na baya sai da ya yi wata 3 yana rufe giɓin lissafi, ba sata ba ce, kuskure ne ya ji kunyar faɗa. Shi ya sa yanzu mai fitowa fili nake nema.

Makon jiya na yi wa mutum 6 intabiyu. Da na tambaye su inda suke da rauni, biyu suka ba ni amsa iri ɗaya: "Alhaji, son aiki ne ya yi min yawa." Hadda ce, ko makaho ya gani. Sai na sauya salo, na ce kowa ya ba ni labarin ranar da ya tafka kuskure a wurin aiki. Ɗaya ya kwashe minti 10 yana zagin tsohon ubangidansa. Laifi tudu ne dai.

Wadda ta ɗaure min kai wata yarinya ce da ta gama bautar ƙasa bana. Lissafinta tsaf, amma da na zo wannan tambayar sai ta sunkuyar da kai, tana murza bakin hijabinta, ta ce "Baba, ajizanci ai ba a rasa shi." Kunya ce irin ta tarbiyyarmu, ko ɓoyo ne?

Don Allah masu ɗaukar ma'aikata, wace tambaya kuke yi da ke raba biyun nan? Ko in ba ta gwajin wata guda?