Lido sa'a ce kawai ko akwai dabara a ciki?

Ɗan Zariya: Salam jama'a. Ni fa maganar da na yi jiya ban janye ba, lido ba wasan hankali ba ne, sa'a ce tsagwaronta. Da idonku kuka gani, ina ta kaɗa kofin nan har zagaye tara siki, wato shida, bai fito min ba, 'ya'yana huɗu suna kulle a gida, Auta kuma ya zo ya yi siki biyu sau biyu a jere ya tashi wasan. Don Allah wace dabara ce a nan? Ranar Asabar dara za mu yi a ga mai kai

Auta: Haba Yaya, siki biyun ne ya ce in ajiye ɗana taku huɗu a bayan naka in yi ta jira? Da na so ai da tuni na ruga da shi gida, amma na bar shi ina motsa wani har huɗu ta fito na cinye ka. Wannan ma sa'a ce?

Ɗan Zariya: To wa ya kawo huɗun? Kai ko dayis?

Malamin Lissafi: Ku bari in sa baki. Dayis biyu hanya 36 suke faɗuwa, 11 a ciki akwai siki, siki biyu kuwa hanya 1 ce tak. Zagaye tara ba siki kamar yadda ya same ka jiya yana faruwa kusan sau 4 cikin 100, to gaskiya ka yi rashin sa'a, wannan ba gardama. Amma ga inda ka kuskure, ni ina kusa da kai na gani, da ka samu ka fito sai ka je ka tsaya taku shida a gaban ɗan Kawu alhali kana da damar yin nisa. Mai taku shida a gaban abokin wasa hanya 16 cikin 36 za a iya cinye shi, mai taku 11 kuwa hanya 2 kacal. Dayis ba ya zaɓa maka ɗan da za ka motsa, kai ke zaɓa.

Ɗan Damagaram: Malam lissafinka daidai ne amma ni ina bayan Ɗan Zariya wlh. Wanda ya taso ya ga dara ba zai haɗa ta da lido ba. Mu a gida ƙarƙashin dogon yaro ake tona gurbi a yashi, layi biyar kowanne gurbi shida, 30 ke nan, kowa 'ya'ya 12, wannan da tsinkaye wancan da ƙwallon dabino. Tun wajen zubawa ake cin mutum, don ba a yarda ka jera uku lokacin zubi ba, sai an gama a fara gusawa gurbi ɗaya ɗaya, ka jera uku ka cire ɗan abokinka, in ka jera huɗu kuma ba ka ci komai ba. Kakana sai ya riƙe tsinke a hannu ya yi shiru ya daɗe bai saka ba, mu yara muna ganin kamar barci yake ashe ya riga ya hango inda zai rufe mutum. Zabarmawa dili suke ce mata, Dakarkarin Zuru ma gwanaye ne. In aka cinye ka a dara ba wanda za ka ɗora wa laifi.

Kawu: Yarana duk na ji ku. Ni abin da nake dubawa daban ne. Mu tara ne jiya a tabarmar nan, dara mutum biyu take ɗauka sauran bakwai su zuba ido, kuma wanda bai iya ba sau ɗaya za a yi masa cin kaca ya daina zuwa. Lido kuwa mutum huɗu ne a kan allo, sabon shiga ma yana iya cinye tsohon hannu ya koma gida yana murna, wannan sa'ar da kuke rainawa ita ce ta sa har yau ba a watse ba. Kun manta ihun da aka yi lokacin da ɗan Mai Shayi ya rage taku ɗaya ya shiga gida aka dawo da shi?

Mai Shayi: Kawu kar ka tuna min, har yanzu abin yana min ciwo

Ustaz: Ni akwai abin da ya fi damuna da batun sa'a ko dabara. Akwai hadisi a Sahihu Muslim mai tsoratarwa sosai kan wasan nardi, wanda da dayis ake yin sa, kuma malamai da yawa sun sa lido a ƙarƙashinsa saboda dayis ɗin. Shi ya sa kuke ganin ina zama a yi hira amma ba na taɓa kofin. Kuma jiya an kira Isha'i ana cewa bari a ƙarasa wannan zagayen, ban ji daɗi ba gaskiya.

Kawu: Wannan ta sallah ka yi gaskiya Ustaz, laifinmu ne mu manya, daga yau ana kiran sallah a kife allo ko wa ke kan ci. Batun hukunci kuma mu je tare mu tambayi liman, abin da ya ce kowa ya ji da kunnensa.

Ɗan Zariya: Kun ga ko ta nan ma dara ta fi, ba dayis a ciki.

Malamin Lissafi: Kar ka fake a bayan Ustaz, maganarka ita ce babu dabara ko kaɗan. A gwada mana. Kai da Auta ku yi wasa 20 ni zan riƙe biro da takarda, in sa'a ce zalla za ku tashi kusan goma goma, in ya ci 15 ko fiye sai ka janye a gaban kowa.

Auta: Na yarda Yaya, in dai liman bai hana ba. Amma ni ma a koya min dara, ban taɓa sanin huɗu ba ta ci ba sai yau.

Ɗan Damagaram: Zan zo da ƙwallon dabino, wani ya samo yashi ko rabin buhu ne don ƙofar gidan Kawu siminti ce. Auta ka zo bayan La'asar in nuna maka zubi kafin mutane su taru.