Wace kalma ta dace da tuhumar sojojin Port Chicago?

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina rubuta darasin tarihi kan Port Chicago, wani sansanin loda makamai na sojojin ruwa a jihar Kalifoniya ta Amurka, kalma ɗaya ta hana ni ci gaba.

Daren 17 ga Yuli 1944 makamai suka fashe ana loda su a jirgin ruwa, mutum 320 suka mutu, 202 baƙaƙen fata ne. Su ake sa wa ɗaukar bama-bamai ba tare da isasshen horo ba, hafsoshi farar fata na tsaye a kansu suna gasar wa zai fi loda kaya. Bayan mako uku, sojoji baƙaƙen fata 258 suka ƙi komawa aikin. Aka ware 50 aka tuhume su da laifin da a Turance ake kira "mutiny" (kalmar da ta tsaya min ke nan), kotun soja ta yanke musu shekara 8 zuwa 15. Thurgood Marshall, lauya mai kare haƙƙin baƙaƙen fata, ya halarci shari'ar, ya dage cewa wariya ce tushen zancen. Sai 2024 rundunar ruwa ta wanke su.

Na fara rubuta "tawaye". Da na karanta wa ɗalibai, wani ya ɗaga hannu ya ce hafsoshi nawa suka harbe? Alhali ko sanda ba su ɗaga ba. Na koma "yajin aiki", wani tsohon soja ya ce soja ba ya yaji. "Ƙin bin umarni" kuwa ya rage nauyin tuhumar, wadda a lokacin yaƙi kan iya kai mutum ga kisa.

Wace kalmar Hausa ce za ta nuna girman tuhumar ba tare da ta ɗora wa mutanen nan laifin da ba su yi ba?