Wane rimot zan saya wa ƙaramin jirgina?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Jidda, na gama haɗa ƙaramin jirgi mai fukafukai, rimot ne ya tsayar da ni. Kuɗin hannuna bai wuce riyal 350 ba.

Rimot biyu nake dubawa. FlySky FS-i6X ya fi araha, galibi da risibarsa (na'urar da ake sa wa a jirgi don karɓar umarnin rimot) ake sayarwa, batir AA huɗu yake ci. Amma zai ɗaure ni da risibar FlySky. RadioMaster Pocket kuwa yana da EdgeTX (manhajar da ke tafiyar da rimot ɗin) da ELRS (tsarin sadarwa tsakanin rimot da risiba), sai dai risiba da batir mai caji samfurin 18650 guda biyu daban zan saya, kuma an ce saitinsa na ba sabon shiga wuya. Sandunansa na sarrafa jirgi ma ƙanana ne, ni ga kaurin yatsu.

Don Allah wanda ya taɓa tashin jirgi da su, wanne zan ɗauka?