Tarakta bayan ritaya: aikin haya yana da riba kuwa?

Dattijo_MaiFansho:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar. Na yi ritaya, fansho na shigowa alhamdulillah amma kun san halinta, wata bai raba ba ta ƙare. Ina da tsohuwar tarakta Massey Ferguson 135 da na saya tun ina aiki don sha'awa kawai, in kafce 'yar gonata, ranar hutu in buɗe injin in yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule, shi ke nan. Akwai garmar faifai da haro (mai farfasa ƙasa bayan kaftu) da ƙaramar tirela. To yanzu maƙwabta sun fara cewa in zo in yi musu kaftu su biya, wani ma taki yake so in kwaso masa. Abin nan yana kawo wani abu kuwa ko taraktar kawai zan kashe in kashe bayana? Kuma da awa ake caji ko da faɗin gona? Ni ba kamfani zan buɗe ba, ɗan abin rufin asiri dai.

OgaMakaniki:
Wa alaikumus salam Baba. Da farko dai ka yi dace da tarakta, 135 ɗin nan tun 1964 aka fara ƙera ta, galibi da injin Perkins mai silinda 3, ƙarfinta wajen doki 45, kuma kayan gyaranta ba sa wuyar samu har gobe. Amma ka lura ko ta ƙarshen fitowa ce ta haura shekara 40, ita ma 'yar fansho ce kamarka, a yi min afuwa.

Inda masu irin niyyarka ke faɗawa rami shi ne lissafi. Mutum ya dawo da yamma ya cire kuɗin dizal daga abin da aka ba shi, sauran ya ce riba ce ya zuba aljihu. Wallahi ba riba ba ce, rabinsa na taraktar ne ba ta dai karɓa ba tukuna. Duk awa ɗaya da mitar ƙirga awar inji ta juya akwai baƙin mai da filta da ke matsowa lokacin canji, akwai giris, taya na cinyewa, faifan garma na dakushewa, boris na sakewa. Sai ranar da kuloci ya fara zamewa za ka gane, don a irin wannan tarakta canjin kuloci sai an raba ta gida biyu, a tokare gaba a tokare baya a ja injin gefe, ba aikin da za ka yi da sifana ɗaya a gindin bishiya ba ne. In tayar baya ce ta yage a kan kututture kuwa aikin sati guda na iya tafiya a nan.

Abin da nake gaya wa kowa, ka samu littafi, kullum ka rubuta awar mita kafin ka fita da bayan ka dawo, da litar da ka zuba. Cika tanki da safe, sake cikawa da yamma, abin da ya shiga shi ta sha. Cikin 'yan kwanaki za ka san ainihin abin da awa ɗaya ke ci maka, sai ka ɗora kason gyara da ladan jikinka, wannan ne farashinka. Ka faɗa wa mai gona da hekta in haka ya fi ganewa, amma kai a ranka da awa kake lissafi. Kuma tafiyar zuwa da dawowa ma awa ce, dizal bai san ba a fara aiki ba.

Umman_Yara:
Baba ni ban san inji ba amma mahaifina ya yi wannan aikin bayan ya bar aiki, abin da ya gajiyar da shi ba taraktar ba ce, mutane ne. Duk wanda zai kira ka ka san shi, ko maƙwabci ko ɗan uwa ko abokin aiki na da, kuma dattijo ba ya iya tsayawa a ƙofar mutum yana cewa ina kuɗina. "Sai an girbe" ita ce ta cinye shi, shi kuwa mai gidan mai ba ya jiran girbi. Dan Allah ka karɓi ko da kuɗin dizal ne kafin alƙalami, in kunya za ta hana ka to ka sa wani yaronka ya riƙa karɓa.

Sannan aikin na 'yan makonni ne, kowa rana ɗaya yake so, wayarsa ba ta hutawa tun asuba, wanda aka jinkirta wa ya yi fushi har da daina gaisuwa. Bayan nan kuma shiru. Abin da da yake yi don nishaɗi sai ya koma dole.

Direba_77:
Ni fa ban yarda a tsorata Baba ba. Ba bashin banki ya ci ya sayo ta ba, tana nan a ajiye ko ya yi aiki ko bai yi ba, kuma injin dizal da ke zaune shi ma lalacewa yake, batir ya mutu, roba ta bushe ta fara tsiyaya. Manyan taraktoci ba sa son ƙananan gonaki don juyi ya fi aikin yawa, nan ne kasuwarka. Tirelar ma ta fi garma sauƙi a kan inji kuma ba ta da lokaci, ko yaushe akwai abin ɗauka.

Abu ɗaya dai, gonar da ba ka sani ba ka taka ta da ƙafa tukuna, ka duba kututture da dutse da rami da bututun ruwa a ƙasa. Kada wani ya lallaɓe ka ka ja kututture ko motar da ta maƙale da sarƙa ɗaure a sama da ƙarfen ja, gaban tarakta ɗagawa yake ta kife ta baya cikin ƙasa da daƙiƙa 2, ba ka ma kai ƙafa kan kuloci ba, kuma da yawan tsofaffin nan ba su da ƙarfen kariya a saman direba. In taka ba ta da shi a sa mata. Sandar PTO kuma, wato wadda ke juyawa a bayan tarakta don tuƙa kayan aiki, juyi 540 take a minti, kar ka matso ta da riga mai faɗi tana juyawa.

Akanta_Sani:
Ƙari kaɗan Yallaɓai. In kana da inshora ka tambaye su, sau da yawa wadda ta rufe aikin gonarka ba ta rufe aikin haya a gonar wani, ka fasa wa mutum bututu ko katanga daga aljihunka za ka biya. Maganar haraji da ko ƙarin kuɗin shiga zai taɓa fanshonka kuwa ya danganta da dokar ƙasar da kake, ofishin fanshonka za su faɗa maka.

Dattijo_MaiFansho:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da gonakin da ke kusa da aikin tirela, rabin yini kawai, littafin ma zan saya. Oga mitar awar tawa ta daɗe da tsayawa, gyara ta ake yi ko sabuwa zan nema?

OgaMakaniki:
Duba wayar da ke juya ta tukuna Baba, yawanci ita ke tsinkewa a ciki ba mitar ba. Kwance ta daga bayan mita ka tada inji, in tsakiyarta ba ta juyawa to ita ce. Kafin ka samu sabuwa agogon hannunka ma ya isa.