Wane suna za mu raɗa wa folda?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta ɗan bayani da Hausa kan yadda mutum zai kimtsa abin da ke cikin memorin wayarsa, karatu gefe guda, hotuna gefe guda, takardu gefe guda, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro: folda. Fayil ya riga ya zauna, tun zamanin ofisoshin En'e ake cewa an buɗe wa wane fayil. Manhaja ma ta zauna, gidajen rediyo sun gama da ita. Memori kuwa ko tsohuwa ta san shi, ba wanda zai shiga kasuwa ya ce a ba shi "katin ƙwaƙwalwa" sai in dariya yake so a yi masa. Folda ce ta rage. Manhajojin fassara suna ba ni "babban fayil", ni kuwa bai kwanta mini ba. Folda ba fayil ba ce, balle ta zama babba. In ga folda fanko, ga kuma fim mai gigabait 2 a gefenta, wane ne babban? Masana, ku taimaka.

Mai gyaran waya a Farm Centre, Kano:
Wa alaikumus salam. Malam, ka bar ta yadda take mana. Mu a kasuwa folda muke cewa, jam'i foldoji, kuma ba a taɓa faɗa a kai ba. Tebur da bokiti ai ba mu muka ƙirƙiro su ba.

Mai tambaya:
Gaskiya ne Yallaɓai, amma kai da yaran shagonka ne kuka san ta. Wanda ya kawo memori a zuba masa tafsiri, me yake ce maka?

Mai gyaran waya:
To, nan ka kama ni. Cewa yake "ka ware mini na kowane malami daban". Ba ya kiran sunan abin sam.

Wani alaramma:
Salamu alaikum. Ni ina ganin abin da kuke nema yana gida, ba ku duba ba ne. Ku kalli hoton da waya take nunawa: kwali ne aka ninka, takardu a tsakiya. Mu wannan tadarishi muke ce masa. Alƙur'ani rubutun hannu ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne a sake, sai a sa su tsakanin bango biyu masu ƙarfi, a naɗe da tsirkiya, sannan a zura cikin gafaka. Kana iya zare warƙa ɗaya ka ba almajiri, ka mayar da ita in ya gama. Ashe ba shi ne aikin foldar taku ba? Kalma ce tamu, ta tsufa, kuma tana neman ɓacewa. In kun ɗauke ta kun raya ta.

Wata malama daga Zariya:
Allah ya gafarta Malam, wallahi kalmar ta yi kyau, kuma ta fuskar siffa babu wadda ta kai ta. Amma ina da ja, a yi mini haƙuri.

Shi wannan hoton kwalin aro ne, su ma Turawan aro suka yi. Masu kwamfutar farko ba folda suke cewa ba, wata kalma suke amfani da ita mai ma'anar jerin sunaye, irin littafin lambobin tarho. Sai da kamfanin Xerox ya fito da kwamfutarsa Star a 1981, Apple ya biyo da Macintosh a 1984, aka fara zana wa ma'aikatan ofis abin da suka saba gani a kan teburinsu don kada su tsorata. Microsoft ma sai a Windows 95 ya rungumi sunan sosai. A cikin memori babu kwali, babu bango. Abin da ke akwai ɗan jeri ne da ke cewa fayil kaza sunansa kaza, ga inda ya fara. Shi ya sa in ka matsar da fim daga wannan folda zuwa waccan a cikin memori ɗaya, kafin ka ƙifta ido an gama, don suna kawai aka cire daga wannan jeri aka rubuta a wancan. In kuwa daga cikin waya za ka kai shi memori, sai ka zauna jira, don a nan da gaske ake kwasar kayan.

Tunda su ma abin da mutanensu suka sani suka ɗauko, mu ma bai zama dole mu bi siffar kwali ba. Aikin abin za mu duba. Kuma babban aikin folda shi ne tana shiga cikin 'yar'uwarta, waccan ma ta shiga cikin wata, har hawa biyar ko goma. Tadarishi ba ya shiga cikin tadarishi. Sannan takarda kaɗai yake ɗauka, alhali memorin yau rabinsa sauti ne da bidiyo.

Ni jaka nake ba da shawara. Jaka tana shiga jaka. Tana da jam'i da kowa ya iya, jakunkuna. Tana karɓar ƙarama da babba ba tare da rikici ba: 'yar jaka, uwar jaka. Kuma duk aikatau ɗin da muke buƙata sun riga sun saba da ita: a buɗe jaka, a zuba a jaka, a kwashe daga jaka, a zazzage jaka, a laluba jaka. Gwada "zuba a tadarishi" ka ji yadda harshe yake turjewa.

Alaramma:
Malama, hujjarki ta shiga cikin juna ta yi ƙarfi, ban musa ba. Amma in jaka ce, me ya hana gafaka? Ita ma jaka ce, kuma ta ilimi.

Malama:
Abin da ya hana shi ne darajarta, Malam. Memorin matashi ka san abin da ke ciki. Ba zan so a ce "gafakar waƙoƙi" ba.

Alaramma:
Na janye. A bar mana gafakarmu.

Wani ɗan Damagaram:
Ku dakata, 'yan Nijeriya, kada ku yanke ba mu. Mu nan masu boko dosiye suke cewa, daga Faransanci. Kuma jaka a wurinmu kuɗi ce, jikka guda sefa 1,000. In na ce wa yaro "turo mini jaka biyu ta waya", wallahi wurin masu tura kuɗi zai nufa.

Mai gyaran waya:
Mu ma ai jaka naira 200 ce, ɗan'uwa, ko da yake yanzu ba ta sayen komai. Amma ka taɓa jin wanda aka ce ya ɗauko jakar makaranta ya kawo kuɗi?

Ɗan Damagaram:
A'a. Amma ku riƙa haɗa ta da abin da ke ciki: jakar hotuna, jakar wa'azi. In ta tsaya ita kaɗai da lamba a bayanta, kuɗi ce.

Wani ɗalibi:
Ni kundi na so. Ko taska, ko rumbu.

Malama:
Kundi ya riga ya yi nauyi, ƙanena. Kundin tsarin mulki, kundin digiri, kundin malam: abu ne da aka tattara aka kammala. Folda kuwa yau ka ƙirƙire ta fanko, gobe ka goge. Taska da rumbu kuma gini ne, a bar su wa ma'ajiyar gaba ɗaya. Ai ana cewa rumbun adana bayanai, kada mu sauke shi daga wannan matsayi.

Mai tambaya:
Bari in gwada jaka a cikin rubutun, ku ji ko za ta ɗauki kaya:

"Da ka sa memori a wayar Android, za ka ga jakunkunan da ba kai ka yi su ba. Jakar DCIM ta kyamara ce, sunan ya samo asali ne daga ƙa'idar da kamfanonin kyamara na Japan suka shimfiɗa, shi ya sa kusan kowace waya nan take zuba hoto. Kada ka canza mata suna, in ka canza, wayar za ta sake yin wata. Jakar LOST.DIR nan waya take tara gutsattsarin fayilolin da suka lalace, galibi in an zare memori ana cikin rubutu a kansa. Jakar Android ta manhajoji ce, ba taka ba, kada ka taɓa. Jakar Download kuwa ita ce jakar magori, komai a ciki yake faɗawa, daga takardar jarrabawa har katin biki, don haka ita za ka riƙa zazzagewa lokaci-lokaci. Ka yi uwar jaka ɗaya da sunan Karatu, a cikinta kowane malami da 'yar jakarsa, a cikin ta kowane malami kuma ka raba shekara-shekara."

Ni dai a kunnena ta zauna.

Mai gyaran waya:
Ta zauna, na yarda. Amma tunda littafi kake yi, ga inda jakar taka za ta yaudari mutane, kuma kullum sai an kawo mini irin wannan. Mutum ya ji an ce komai a jaka yake, sai ya ɗauka manhaja ma haka take. Sai ya shiga jakar Android ya kwashe abin da ya gani ya kai memori, wai ya sama wa waya wuri. Gobe manhaja ta ƙi buɗewa, ko hirarrakinsa su ɓace. Tun daga Android 11 ma an toshe wa mutane shiga wani ɓangare na jakar, kuma WhatsApp ya koma ajiye kayansa a Android/media/com.whatsapp, a cikin wayar, ba a memori ba.

Manhaja iri biyu ce a wurinmu. Akwai wadda ake turawa ta Xender ko Bluetooth, mai APK a ƙarshen sunanta. Wannan fayil ce kamar kowane fayil, sa ta duk jakar da ka so. Akwai kuma wadda aka riga aka ɗora tana aiki. Ita wannan ba a ɗaukarta da hannu. Tun Android 2.2 a 2010 aka ba da damar mayar da wasu zuwa memori, amma ta cikin saitin waya ake yi, ba kowace manhaja ce take yarda ba, kuma wayoyi da yawa yanzu sun cire maɓallin. A Android 6.0 na 2015 aka kawo wata hanya: waya ta haɗiye memorin ya zama cikinta. Sai dai kafin ta haɗiye sai ta wanke shi tas, ta kuma kulle shi da mabuɗin da ita kaɗai ta sani. Ranar da wayar ta mutu, memorin ba zai buɗu a wata ba. Wanda zai yi haka ya nemi memori mai alamar A1 ko A2 a jikinsa, su aka yi don manhaja, sauran nauyi za su sa wa wayar.

To ku ba ni suna na waɗannan biyun, ya fi mini amfani a kan folda.

Malama:
Ai mun riga muna cewa an girka manhaja. In haka ne wadda ke aiki girkakkiya ce, mai APK kuwa ɗanya. Ɗanya a jaka take zama, girkakkiya ba a zuba ta a jaka.

Mai gyaran waya:
Kai! Wannan ko gobe zan fara faɗa wa kwastoma.

Ɗan Damagaram:
Ɗanya ta wuce har Damagaram, ba sai an nemi biza ba.

Mai tambaya:
To ni zan rubuta jaka. A farkon bayanin zan ce ita ce abin da masu waya ke kira folda, daga nan ba zan sake ambatar folda ba. Alaramma, tadarishi zan ajiye shi, in mun zo kan fayilolin da ake ɗaurewa wuri guda a matse, mu ga ko zai yi can. Tambaya ta ƙarshe, Yallaɓai: in mutum zai sa wa jaka suna da Hausa, haruffa masu lanƙwasa suna shiga?

Mai gyaran waya:
Suna shiga. Memori mai gigabait 32 zuwa ƙasa yawanci da tsarin ajiyar fayil mai suna FAT32 yake zuwa, daga 64 zuwa sama exFAT, kuma duka biyun suna karɓar ƙ da ɗ da ɓ. 'Yar alamar nan ta sama da ke cikin kalmar "wa'azi" ma ba matsala. Cikin abin da ba sa karɓa akwai alamar tambaya, tauraro, ɗigo biyu na tsaye, da karan da ke raba kwanan wata, don haka a rubuta 12-3-2024, ba da karan ba. Sai dai in za a sa memorin a rediyon mota ko 'yar sifikar nan ta kasuwa, wasunsu ba su san haruffanmu ba, sai su nuna akwati ko alamar tambaya a wurin ƙ. Masu irin wannan sai in ce su rubuta Kira'a da k ɗin boko. Kuma ka ƙara musu cewa FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, komai yawan wurin da ya rage, kada su ce jakar ce ta cika.